Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editocin labarai na Hausa, kafin a fara zaɓen fidda gwani a Amurka

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, da jinjina kan aikin da kuke yi mana dare da rana a rediyo da talabijin da shafukan intanet, na rubuto ne in shigar da koke tun guguwar ba ta taso ba. Zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2028 zai zo babu shugaba mai ci a cikin 'yan takara, domin gyara na 22 na tsarin mulkinsu ya hana a zaɓi mutum fiye da sau biyu, kuma Donald Trump ya cinye nasa. Ke nan jam'iyyar Republican da ta Democrat duka za su yi zaɓen fidda gwani na gaske a lokaci guda, abin da rabon a gani tun 2016. Kamfanoni da jami'o'i masu auna ra'ayin jama'a sun riga sun fara zubo alƙaluma daga jihohi, kuma nan gaba kaɗan kullum sai sun faɗo teburinku.

Kokena shi ne yadda ake karanto mana waɗannan alƙaluma. Sai mu ji an ce ɗan takara kaza ya yi wa abokan hamayyarsa fintinkau a ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a Amurka. Mai sauraro a Funtuwa ko Maraɗi ko zangon Kumasi ya tashi da cewa Amurkawa sun yi magana. Alhali in aka bi diddigi, mutum ɗari shida ko ɗari bakwai aka tambaya, a jiha ɗaya cikin 50, dukkansu magoya bayan jam'iyya ɗaya, kuma ko a cikinsu ma waɗanda suka ce suna da niyyar fitowa ranar zaɓe ne kawai. Ba ƙarya aka yi mana ba, amma an yanke wa labarin gaɓoɓin da zai tsaya a kansu.

Ku ɗauki Iowa, jihar da ta saba buɗe fage. Mutanenta sun ɗan haura miliyan 3, mafi yawansu farar fata, jiha ce ta noman masara da kiwon aladu, kuma masu tsananin riƙo da addinin Kirista suna da ƙarfi a cikin 'yan Republican ɗinta. Zaɓen nasu ma ba na zuwa rumfa a jefa ƙuri'a a wuce ba ne. Taro ake yi da daddare a makarantu da majami'u da ɗakunan taro na unguwa, a saurari jawabai sannan a zaɓa. Ranar 15 ga Janairun 2024 an yi taron cikin sanyi mai kisa, mutum kusan 110,000 suka fito, alhali a 2016 sun kai kusan 187,000. Wato mai auna ra'ayi yana ƙoƙarin hasashen abin da wani ɗan yanki na ɗan yanki zai yi, kuma girman yankin nan yana iya canzawa saboda ƙanƙara ta toshe hanya.

Zan daɗe a kan wannan zaɓe domin ƙuri'ar jin ra'ayin da aka yi gabaninsa tana cikin masu kyau, kuma a kan mai kyau ya fi dacewa a koyi karatu. Ann Selzer, wadda ta shafe shekaru tana yi wa jaridar Des Moines Register wannan aiki, ta tambayi mutum 705 tsakanin 7 da 12 ga Janairu. Ta samu Trump da kashi 48 cikin 100, Nikki Haley da 20, Ron DeSantis da 16. Kanun labarai a ko'ina suka ɗauka cewa Haley ta tsallake DeSantis ta zama ta biyu. Da aka ƙirga ƙuri'u, Trump ya samu kashi 51, DeSantis 21, Haley 19. Wanda ya karanta lambobin sama kawai zai ce an yi kuskure. Amma a cikin rahoton kansa an nuna cewa yawancin magoya bayan Haley sun ce ba su da zumuɗi sosai a kanta, kuma kusan rabinsu ba 'yan jam'iyyar ba ne na asali, marasa jam'iyya ne ko 'yan Democrat. Mutumin da ba shi da zumuɗi, an ce ya fito cikin daren da sanyi ke fasa bututun ruwa, shi ne farkon wanda zai zauna a gida. Selzer ta faɗi haka kafin zaɓen. Labarin yana can cikin rahoton, kuma nan ne wurin da ba a cika isa ba idan ana gaggawar fassara.

Akwai dalilin da ya sa auna ra'ayi a zaɓen fidda gwani ya fi na babban zaɓe wuya, kuma ya kamata masu sauraronku su san shi. A babban zaɓe, mafi yawan Amurkawa sun san ɓangarensu tun kafin a tsayar da ɗan takara, ɗan Democrat zai bi nasa, ɗan Republican zai bi nasa. A zaɓen fidda gwani kuwa duk 'yan gida ɗaya ne. Mutum yana iya son uku daga cikin 'yan takara a lokaci guda, ya ce wa mai tambaya wannan ranar Talata, ya zaɓi wancan ranar Asabar, ba tare da ya ji ya ci amanar kowa ba. Muhawara ɗaya, ko goyon bayan wani mai faɗa a ji, ko janyewar ɗan takara ɗaya, sun isa su juya lissafi cikin kwana biyu. Ga kuma dokokin jihohi da suka bambanta: a wasu jihohin sai wanda ya yi rajista da jam'iyya ne zai yi zaɓe, a New Hampshire marasa jam'iyya suna da damar zaɓar ɓangaren da za su shiga ranar zaɓen, a Michigan da Carolina ta Kudu kuwa ba a ma yin rajista da sunan jam'iyya. Don haka idan rahoto ya ce an tambayi magoya bayan jam'iyya, tambayar farko ita ce su wa aka ƙirga a matsayin magoya bayan.

A 2008, kwana biyar ne tsakanin zaɓen Iowa, inda Barack Obama ya yi nasara, da na New Hampshire ranar 8 ga Janairu. Kusan duk ƙuri'un jin ra'ayi na ƙarshe sun ba Obama rinjaye, wasu da tazara mai faɗi. Hillary Clinton ta ci da kashi 39, Obama yana da 36 da ɗoriya. Nan da nan masu sharhi suka ce farar fata ne suka yi wa masu tambaya ƙarya don kada a ce suna ƙyamar baƙar fata. Ƙungiyar masana auna ra'ayin jama'a ta Amurka ta kafa kwamiti ya bincika, kuma bai samu hujjar wannan zargi ba. Abin da ya gano ya fi haka sauƙi: lokacin ya yi gajarta, da yawa sun rufe tambayoyinsu kafin masu jinkirin yanke shawara su yanke, kuma irin mutanen da suka fi son Clinton sun fi wuyar samu a waya. Bayanin da ya fi daɗin faɗa a rediyo ba shi ne na gaskiya ba.

Na Michigan a 2016 ya fi muni. Matsakaicin ƙuri'un jin ra'ayi ya ba Clinton tazarar kusan kashi 20 a kan Bernie Sanders, shafin hasashen zaɓe na FiveThirtyEight ya ce yiwuwar nasararta ta haura kashi 99 cikin 100. Ranar 8 ga Maris Sanders ya ci da tazarar da ba ta kai kashi 2 ba. Me ya faru? Mai auna ra'ayi ba ya ƙirga amsoshi haka kawai. Sai ya fara zana hoton waɗanda yake jin za su fito, matasa nawa, dattawa nawa, baƙar fata nawa, sannan ya daidaita amsoshin da ya tara da wannan hoto. Hoton kuwa daga zaɓukan baya ake ɗauko shi, Michigan kuma ba ta da na baya mai amfani. A 2008 jihar ta karya dokar jam'iyya ta matso da ranar zaɓenta, Obama ya cire sunansa daga takardar ƙuri'a, a 2012 kuma ba shi da abokin hamayya. Sai aka raina yawan matasan da za su fito, su kuwa suka fito suka ba Sanders kusan huɗu cikin kowace ƙuri'a biyar tasu. Marasa jam'iyya ma suka yi masa ruwan ƙuri'u. Wasu masu tambayar kuma wayoyin gida kawai suka kira, irin waɗanda matasa suka daina amfani da su. Ɗan kasuwar da ya cusa hannu a bakin buhu ya ɗebo hatsi zai iya faɗin ingancin buhun duka, muddin abin da ke sama irin abin da ke ƙasa ne. A Michigan ba haka buhun yake ba.

Matsalar samun mutane a waya ma sai ƙaruwa take yi. Cibiyar bincike ta Pew ta ce a 1997 kashi 36 na gidajen da ta nema sun amsa tambayoyinta, zuwa 2018 abin ya faɗo kashi 6. Yanzu da yawa sun koma saƙon waya da tambayoyi ta intanet, kowace hanya da irin mutanen da take kamawa da irin waɗanda take tsallakewa.

Sai lissafin da nake roƙon ku riƙa faɗa ko da a jimla ɗaya ce. Kowace ƙuri'ar jin ra'ayi ta ƙwarai tana zuwa da tazarar kuskurenta. Idan mutum 1,000 aka tambaya, kusan kashi 3 ne sama ko ƙasa. Idan 600 ne, kusan 4. Idan 400 ne, wanda shi ne adadin da ake yawan gani a ƙuri'un jihohi na jam'iyya ɗaya, kusan 5. Wannan kuma a kan lambar ɗan takara ɗaya ne. Idan ana maganar ratar da ke tsakanin mutum biyu, kuskuren yana iya kusan ninkawa. Saboda haka wanda ke da kashi 24 da wanda ke da 21 a cikin mutum 400, babu wanda ke gaba, kunnen doki suke. Haka nan idan a makon jiya ɗan takara yana da 18 yau yana da 20, bai farfaɗo ba, bai kuma kama hanyar nasara ba, lambar ce take rawarta ta yau da kullum. Abin ya fi lalacewa idan aka tsinko wani ɓangare daga cikin rahoton, a ce ga ra'ayin baƙar fata ko na matasa ko na Musulmi. Sau da yawa mutum 100 ko ƙasa da haka ne a wannan ɓangare, tazarar kuskurensu ta kai kashi 10. Kuma duk wannan lissafi na kuskuren ɗiba ne kawai, bai haɗa da kuskuren hoton da na ambata ba, wanda shi ne ya kayar da su a Michigan.

Mun saba cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma a wannan fage karin maganar ba ta cika aiki ba. Howard Dean na Democrat ya ja gaba a ƙarshen 2003, ya zo na uku a Iowa a Janairun 2004, John Kerry ya ci. A ɓangaren Republican, Scott Walker ya yi ta jan ragamar ƙuri'un Iowa a tsakiyar 2015, ya janye a watan Satumba ba a ma fara zaɓe ba. Ben Carson ya hau sama a jihar a watan Oktoba na wannan shekara, ya ƙare na huɗu. Abin da ƙuri'ar da aka yi shekara ɗaya ko biyu kafin zaɓe take aunawa, yawanci, shi ne sunan wa mutane suka taɓa ji. Ban ce ba ta da amfani kwata-kwata ba. Masu ba da gudummawar kuɗi suna kallon ta, kuma jam'iyyu suna amfani da ita wajen tace masu hawa dandalin muhawara: a 2023 sai da ɗan takarar Republican ya samu aƙalla kashi 1 a wasu ƙuri'u da aka amince da su, da masu ba da gudummawa 40,000, kafin a bar shi ya shiga muhawarar farko a Milwaukee. Wannan shi ne labarin da ke cikin ƙuri'un farko, wa zai samu kuɗi da dandali, ba wa zai zama shugaban ƙasa ba.

Ko da ƙuri'ar ta faɗi daidai, cin jiha ɗaya ba cin takara ba ne. A Republican, Mike Huckabee ya ci Iowa a 2008, Rick Santorum a 2012, Ted Cruz a 2016, babu wanda jam'iyya ta tsayar a cikinsu. Joe Biden ya zo na huɗu a Iowa a 2020, na biyar a New Hampshire, har an fara yi masa ta'aziyyar siyasa. Sai aka je Carolina ta Kudu, inda baƙar fata suka fi rabin masu zaɓen fidda gwani na Democrat, ɗan majalisa Jim Clyburn ya mara masa baya kwana uku kafin zaɓe, ya ci da kashi 48 ranar 29 ga Fabrairu. Kafin Talatar da jihohi da yawa ke zaɓe tare, Pete Buttigieg da Amy Klobuchar sun janye sun bi shi. Duk ƙuri'ar jin ra'ayin da aka yi mako ɗaya kafin nan ta zama takardar ƙunshe ƙosai, ba don an yi ta ba daidai ba, sai don takarar da ta auna ta daina wanzuwa.

Ga kuma batun daliget, wato wakilan da ke tsayar da ɗan takara a babban taron jam'iyya, wanda shi ne ainihin abin da ake tarawa. 'Yan Democrat suna rabawa ne gwargwadon ƙuri'a, amma sai ɗan takara ya kai kashi 15 kafin ya samu kaso. Don haka bambancin kashi 14 da 16 a wurinsu ya fi bambancin 30 da 32 nauyi nesa ba kusa ba. 'Yan Republican kuwa kowace jiha da tsarinta. A Carolina ta Kudu a 2016 Trump ya samu kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙuri'u, ya kwashe daliget 50 na jihar gaba ɗaya. Idan kun ba mu kashi ba ku ba mu dokar rabo ba, ba mu san abin da kashin zai saya ba.

A nan ne nake ganin aikinku ya fi na ɗan jaridar Amurka nauyi, domin mai sauraronku yana zuwa da wani hoto daban a kansa. A Najeriya idan aka ce zaɓen fidda gwani na shugaban ƙasa, abin da ke faɗo wa mutum shi ne 'yan daliget a fili ɗaya a Abuja, kamar a 2022 da Atiku Abubakar ya ci na PDP da ƙuri'a 371, Bola Tinubu ya ci na APC da 1,271. A irin wannan tsari, ra'ayin talakan jam'iyya a wata jiha ba ya gaya maka komai, gara ka san inda gwamna ya karkata. A Amurka miliyoyin mutane ne ke zaɓen, jiha bayan jiha, na tsawon watanni, daliget ɗin kuma ana ɗaure su da sakamakon. In ba a bayyana wannan ba, mai sauraro zai ɗauki ƙuri'ar jin ra'ayi ko dai a matsayin wasan banza, ko a matsayin sakamakon da aka riga aka shirya, kuma duka biyun ba daidai ba ne.

Wani abin da lamba ba ta cika nunawa ba shi ne abin da ba a tambaya ba. A Fabrairun 2024 babu mai shakkar Biden zai ci zaɓen fidda gwani na Michigan, kuma ya ci. Amma labarin daren shi ne mutum sama da 100,000, kusan kashi 13, da suka zaɓi gurbin da ke cewa ba su tsaya wa kowa ba, mafi yawa don nuna fushi kan yaƙin Gaza. Masu shirya gangamin 10,000 suka ce suna nema. A Dearborn, garin da Larabawa da Musulmi suke da yawa, wannan gurbi ya doke Biden. Irin wannan al'umma ƙarama ce a cikin jiha, ba za ta fito sosai a tambayar mutum ɗari biyar ba, sai ɗan jarida ya je ya ji da kunnensa ko ya nemi wanda ke can. Ga masu sauraron Hausa kuwa wannan labari ya fi kowace tazarar kashi jan hankali.

Ku kuma riƙa duba wanda ya biya kuɗin aikin. Kwamitin yaƙin neman zaɓe yana yin ƙuri'unsa na cikin gida da yawa, ya saki wadda ta yi masa daɗi ya ɓoye sauran. Ƙungiyoyin da ke kashe wa ɗan takara kuɗi ma haka. Ita kuwa tambayar da wani ya liƙa a Facebook ko X kowa ya danna, ko sau nawa ya ga dama, ba ta cancanci shiga labarai ba ko da mutum miliyan ne suka danna. Kuma suna mai kyau ba kariya ba ne daga kuskure: ita kanta Selzer, a babban zaɓen Nuwambar 2024, ta ba Kamala Harris rinjayen kashi 3 a Iowa, Trump ya ci jihar da kusan 13. Shi ya sa ya fi kyau a duba ƙuri'u da yawa tare, maimakon a ɗauki wadda ta fita daban saboda ta fi ba da mamaki.

Na san za ku ce labaran duniya minti biyar ne, kuma na Amurka bai fi daƙiƙa talatin a ciki ba. Gaskiya ne, amma abin da nake nema yana shiga daƙiƙa talatin. Ga yadda za a iya karanta waccan ta Iowa: "A wata ƙuri'ar jin ra'ayi da jaridar Des Moines Register da tashar NBC suka ɗauki nauyi, an tambayi mutum 705 da ke shirin halartar taron fidda gwani na Republican a jihar Iowa. Trump ne a gaba nesa da kashi 48. Haley da DeSantis suna kusa da juna a neman matsayi na biyu, kuma masu binciken sun ce magoya bayan Haley ba su nuna zumuɗin fitowa ba." Jiha ta fito, jam'iyya ta fito, adadi ya fito, mai biya ya fito, kuma washegarin zaɓe babu abin da za ku janye.

Roƙona na ƙarshe a kan washegarin nan ne. Idan sakamako ya fito, ku dawo da lambobin da kuka karanta mana a makon da ya gabata ku jera su kusa da na gaske, ku ce ga inda suka dace ga inda suka kauce, ga kuma dalili in an sani. A 2024 ƙuri'un jin ra'ayi sun faɗi daidai cewa Trump zai ci New Hampshire da Carolina ta Kudu, amma sun zuzuta tazararsa a kan Haley a duka biyun, kuma wannan kansa labari ne da ya cancanci minti ɗaya.

Allah ya ƙara basira, ya taimake ku a kan aikinku.

Naku,
Mai sauraronku na kullum